Ku Tambaya Mu Amsa: Hawa Soro a Garin Kwal da Ƙarfe

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa. Biyu daga cikinsu sun faɗo a kan gari ɗaya, wato Dortmund da ke yammacin Jamus, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san yawan 'ya'yan Kamaru da ke karatu a wannan ƙasa. Ta ukun kuwa ta dawo da maganar gida. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA, daga wani dattijo a unguwar Yelwa, Garwa:

"Assalamu alaikum. Ɗana na biyu yana karatun injiniya a Dortmund, shekara biyu ke nan. Kwanan baya ya turo wa ƙannensa hoto ta WhatsApp, yana tsaye a saman wani dogon bene, gari duk a ƙarƙashinsa, sama da kansa ga wani ƙaton harafin U mai ruwan zinariya, bayansa kuwa ga tebura da kwalabe da mutane maza da mata. Da na tambaye shi sai ya ce wai wurin kallon gari ne. Maƙwabcina da ya taɓa zama Turai ya ce mini ginin asalinsa gidan giya ne. Ni dai garin masana'antu na san na tura shi, ban san da mashaya a sararin sama ba. Ku gaya mini gaskiyar wurin, domin hankalin mahaifiyarsa ya tashi."

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, ɗanka ma bai yi ba, kowannensu rabin labarin ya ba ka. Harafin da ka gani ya isa shaida cewa ginin nan shi ne wanda mutanen garin ke kira Dortmunder U. An gina shi tsakanin 1926 da 1927 domin wani kamfanin giya mai suna Union, a cikinsa ake tsima giyar ana adana ta, harafin kuwa, mai tsawon mita 9, sai a 1968 aka ɗora shi. An daina aikin giya a wurin a 1994, aka rushe sauran gine-ginen kamfanin da ke kewaye, wannan ya zauna kango shekara da shekaru, har hukumar gari ta gyara shi aka sake buɗe shi a 2010 a matsayin gidan nune-nunen zane da fasaha. Jami'ar garin ma tana da sashenta a ciki, saboda haka ɗalibi na iya shiga ginin da littafinsa a hannu ba tare da ya nemi komai ba sai karatu. A hawa na ƙarshe ne ake fita wani fili a kan soro inda ake hangen gari, kuma a nan saman akwai wurin sayar da abinci da abin sha, har da giya.

Ka ce garin masana'antu ka san ka tura shi. Haka yake a da, ranka ya daɗe, amma wancan garin ya riga ya tafi. Abu uku aka san Dortmund da su fiye da shekara ɗari, kwal da ƙarfe da giya, kuma kowanne ya ja baya a gaban idon mutanen da har yanzu suna raye. Ramin kwal na ƙarshe a garin, wanda ake kira Minister Stein, an rufe shi a 1987. A 2001 aka kashe wutar narka ƙarfe, daga baya ma'aikata suka zo daga China suka kwance babbar masana'antar ƙarfen ƙusa-ƙusa, aka loda ta a jiragen ruwa, aka sake haɗa ta can kusa da kogin Yangtze. A faɗin Jamus ma, ramin baƙin kwal na ƙarshe an rufe shi a watan Disamba na 2018 a garin Bottrop, ba nisa da inda ɗanka yake.

To, gari mai mutum wajen 600,000 ba ya tashi don an rufe masana'anta. Abin da ya rage wa hukuma shi ne manyan gine-gine dogaye, masu ƙarfin ɗaukar nauyin injuna, waɗanda rushe su ma kuɗi ne. Sai aka ga cewa abin da ke jawo baƙo da kuɗinsa shi ne a hau da shi sama a nuna masa gari. Wannan kuwa da wuya ya yi armashi a zamanin kakanninsu, domin hayaƙi kan rufe gari. Har a 1961 wani babban ɗan siyasarsu, Willy Brandt, wanda daga baya ya shugabanci gwamnatin Jamus ta Yamma, ya sa cikin yaƙin neman zaɓensa cewa dole sararin samaniyar Ruhr, wato yankin masana'antun da Dortmund ke cikinsa, ya sake komawa shuɗi, mutane da yawa suka ɗauki maganar mafarki. Na taɓa hawa soron nan wata Laraba da la'asar, iska na kaɗawa har sai da na dafe hulata da hannu. Kusa da ni wani tsoho yana nuna wa jikarsa arewa maso gabas da sandarsa, inda ya yi aiki yana saurayi, ya ce a lokacin mahaifiyarsa ba ta shanya farin kaya a waje sai ta duba inda iska ta nufa, in ba haka ba ta kwashe su da ɗigon baƙi. Yarinyar dai hankalinta na kan filin wasan Borussia Dortmund, wanda ake hango dogayen ƙarafansa rawaya ta kudu. Ban ga wanda ya bugu ba a wannan yammaci, amma ban kai dare ba, kuma ba zan ɓoye maka ba cewa irin waɗannan wurare fuska biyu gare su. Da rana na iyalai ne da baƙi da 'yan makaranta, da dare kuwa, musamman Juma'a da Asabar, na kiɗa ne da shaye-shaye, da masu gadi a bakin ƙofa.

Game da hoton, kada ka yanke hukunci da kwalba, domin a can ruwan sha ma a kwalbar gilashi ake kawo shi teburi, haka lemon tuffa da ake haɗawa da ruwa mai gas, wanda suke kira Apfelschorle, launinsa a kofi kamar na giya ne sak. Kada kuma ka natsu don ka ga rana a hoton, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Dortmund sai goma saura na dare. Hoto ba zai wanke shi ba, ba zai kuma kama shi ba.

Abin da ya rage shi ne hukuncin zama a wurin, kuma wannan na malamai ne, ba na mai wannan shafi ba. Abin da na sani shi ne suna kafa hujja da hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma da yawa daga cikinsu suna bambanta wanda ya tsaya a bakin soro ya kalli gari ya sauka da wanda ya ja kujera aka yi hira da shi kwalabe na yawo. A ganina, maimakon ka ɗaga masa murya ta waya daga nisan dubban kilomita, wanda ba abin da zai haifar sai ya daina turo hoto, gara ka tambaye shi su wa ya tafi da su, da kuma wane lokaci ya sauko. Ka kuma gaya masa abu ɗaya da yara da yawa ba su sani ba. Giyar da aka rubuta wa alkoholfrei a Jamus, wato wai marar sa maye, an yarda ta ƙunshi har kashi 0.5 cikin ɗari na barasa, sai wadda aka rubuta wa 0,0 ce babu. Wanda yake son ya huta da shakka, ya sha shayinsa. A gaishe da Hajiya, a ce mata ta kwantar da hankalinta ta ci gaba da addu'a.

TAMBAYA, daga wata baiwar Allah a Domayo, Marwa:

"Ƙanwata da ke aure a Dortmund za ta haihu a watan Disamba in Allah ya so, ni da mahaifiyarmu za mu je mata jego. Mu mutanen Marwa mun saba da dutse a bakin gari, kuma Inna tana son wurin da za ta hangi ƙasa. Sai dai tana fama da ciwon gwiwa, kuma ba za ta taka inda ake shan giya ba. Ina za mu kai ta?"

AMSA: Allah ya sauke ta lafiya, 'yar'uwa, ya kuma ba Inna lafiya. Albishirinki, a wannan yanki wuraren hangen da suka fi kyau ba mashaya ba ne ko kaɗan, kuma ni a ra'ayina wanda ya tsaya a soron otal bai ga garin ba, ya ga rufin shaguna ne kawai.

Ki fara da hasumiyar Florian da ke cikin lambun Westfalenpark. An gina ta a 1959, tsawonta ya haura mita 200, lifta ce ke kai mutum wurin tsayawa a wajen mita 140, saboda haka gwiwar Inna ba za ta sha wahala ba. Ana biyan kuɗin shiga lambun, kuma ya kamata surukinku ya bincika ko hasumiyar a buɗe take ranar kafin ku fito, domin akan rufe ta saboda gyara ko iska mai ƙarfi. Daga can sama ki nemi wani tafki ta kudu maso gabas, shi ne Phoenix-See, kuma shi na fi so ku je wa da ƙafa. Inda ruwan nan yake kwance, masana'antar ƙarfe ce ta unguwar Hörde ta yi shekara wajen 160 tana aiki, aka rufe ta a 2001, aka haƙe wurin, aka fara cika shi da ruwa a 2010. Faɗinsa kadada 24, hanyar da ta zagaye shi shimfiɗaɗɗiya ce, akwai bencina, an hana wanka a ciki. Ƙasar da aka haƙo an tara ta a gefe ta zama tudu, ku matasa sai ku hau ku bar Inna a benci da bargonta. Ba nisa da nan tsohon tanderun narka tama yana nan tsaye da tsatsarsa, baƙi ƙirin kamar dodo, ana kewayawa da baƙi ta kan tsohon bututun gas ɗinsa, amma wannan ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Za ki lura cewa yankin cike yake da tuddai masu ciyawa da itatuwa. Kada ki ɗauka irin duwatsun Marwa ne ko Haƙorin Mindif da Allah ya dasa. Yawancinsu tsibin duwatsu ne da aka tono tare da kwal, da kashin maƙera daga tanderu, aka tara shekara da shekaru, daga baya aka lulluɓe su da ƙasa. Wanda ake kira Deusenberg a arewacin Dortmund ma juji ne, na sharar gari, yau kuwa mutane na hawa shan iska da kekunansu. In kin gaya wa Inna za ku kai ta kan juji ta kalli gari, na san amsar da za ta ba ki. Dutsen gaske yana kudancin gari, a Hohensyburg, inda ake hangen mahaɗar kogin Ruhr da na Lenne da wani tafki a ƙasa. Mota na kaiwa kusa, wurin kuma ya cancanci zuwa, sai dai babban ginin da ke gefensa gidan caca ne, kada ku ɗauka gidan abinci ne ku faɗa.

In an sami rana guda ta fita gari, jirgin ƙasa na kai ku Essen cikin ƙasa da rabin awa, inda tsohon ramin kwal na Zollverein yake. An rufe shi a Disamba na 1986, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001, kuma matakala mai tafiya da kanta ce ke ɗaga mutum zuwa cikin ginin da ake wanke kwal a da, wanda ake hangen yankin daga rufinsa. A garin Oberhausen kuma akwai tsohon rumbun gas mai tsawon mita 117, shi ma da lifta. Tsohon tanderun garin Duisburg mai mita 70 da ake hawa kyauta, matakala ce zalla ta ƙarfe, a bar wa mijin ƙanwarki.

Babban abokin gabarku ba tsayi ba ne, Disamba ce. Rana na faɗuwa kafin huɗu da rabi na yamma, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa a jere kamar ana koro su, sama kuma takan wuni a rufe da gajimare. Ku fita da hantsi, duk ranar da kuka ga sama ta washe kada ku ce sai gobe. Sanyin kan hasumiya ya fi na ƙasa nesa ba kusa ba, hunturun Marwa bai kama ƙafarsa ba, saboda haka a sa wa Inna safar hannu da takalmi rufaffe. Ku ɗauki shayinku a fulas, domin ruwa ma saye ake yi a gidajen abinci, kuma a lissafin Yuro ɗaya sefa 656, kowane Yuro 3 ya kusa sefa 2,000. Salla da abincin halal kuwa ba za su yi muku wuya ba a unguwar Nordstadt, arewa da babbar tashar jirgi, inda Turkawa da mutanen Maroko suka yi yawa. Kakannin da yawa daga cikinsu an kawo su ne bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961 da ta 1963, su ne suka shiga ramukan nan suka tsaya a bakin tanderun da za ku je kallo.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Injamena:

"Ina da bene mai hawa uku, samansa dakali ne shimfiɗaɗɗe, daga nan ana hango kogin Shari. Na ga irin wuraren nan na Turai a Facebook, ina so in buɗe wurin shayi da gasasshen nama a kai. Abokaina sun ce in babu giya ba zai ja mutane ba. Yaya kuka gani?"

AMSA: Alhaji, abokanka sun manta cewa hawa soro ba Bature ne ya koya mana ba. Tun kafin a san fanka, mutanenmu a soro suke kwana da bazara. Garinku kuwa shimfiɗe yake kamar faifai, wanda ya hau hawa uku ya riga ya fi kowa, ga Shari, ga fitilun Kusuri a tsallake bayan Magariba. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, iska kaɗai haja ce. Ka haɗa ta da shayi mai kyau, da zoɓo mai sanyi, wanda ku ke kira karkanji mu a nan muke cewa folere, da nama mai zafi da tabarmar salla a gefe, za ka sami magidantan da ba su da inda za su kai iyalinsu da yamma, kuma su ne ba sa fasa kwalba, ba sa tashin faɗa. Sai dai ka sani kasuwarka ta dare ce, kuma watannin hazo ba za a ga kogin ba.

Abin da ya fi damuna ba giya ba ne, dakalin ne. Gine-ginen Turai da ka gani an yi su ne don ɗaukar injuna da manyan tankuna, naka kuwa wataƙila magini ya zuba shi ne da niyyar rufi kawai. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan ɗaya ne cur, ka ƙara mutum arba'in da tebura da firij da janareto mai girgiza. Ka kira injiniyan gini na gaske ya duba ƙarfen da ginshiƙan kafin ka sayi kujera ko ɗaya, kada ka tsaya ga maginin da ya yi aikin, domin ba zai ce aikinsa bai yi ba. Katangar bakin soro ta kai ƙirjin babba, ba tare da ramin da yaro zai zura kai ba, matakala ta kasance mai faɗi da fitila, murhun mai nama kuma ya yi nesa da bakinta, tun da ita ce kaɗai hanyar sauka in wuta ta tashi. Ka kuma hana baƙinka ɗaukar hoto ta ɓangaren gada da barikin soja da gine-ginen gwamnati, kai ma ka san abin da hakan ke jawowa a ƙasashenmu.

Tambayarka ta sa na tuna da tashar jiragen ruwa ta Garwa, inda a da jirage ke hawowa Binuwai da damina daga Najeriya su kwashi auduga da gyaɗa. Duk lokacin da na wuce ta wajen nakan ce da a Ruhr take da tuni an share ta an sa bencina, yara na zuwa a nuna musu inda kakanninsu suka yi dako. Amma wannan magana ce ta hukuma, ba taka ba.

Taka ita ce ta maƙwabta, kuma a nan ne Turai ba za ta koya maka komai ba. Gidan Bature a rufe yake ta sama, namu tsakar gidansa a buɗe take, a nan mata ke girki da wanki da kitso ba mayafi, banɗakuna da yawa ma ba rufi. Wanda ya zauna a soronka da kofin shayi, in ya sunkuyar da kai, cikin gidan mutane yake kallo. Kafin ka fara, ka hau da kanka da rana tsaka ka zagaya kusurwa huɗun, ka ƙirga gidajen da kake gani ciki. Duk ɓangaren da ya fuskanci gida, ka ɗaga katangarsa ta wuce tsayin mutum, ka bar ɓangaren kogi kaɗai a buɗe. Sa'an nan ka ɗauki goro ka je wurin mai unguwa da magidantan da ke jikin ginin, ka hau da su su gani da idonsu, ku kuma yanke lokacin da za a riƙa kashe janareto.